Habibu, Mai Faɗa da Iska

Jikana ne ya tono mini wannan abin. Kwanakin baya ya shigo gida da farar riga da farin wando, ɗamara a ƙugu, ya ce makarantarsu ta ɗauko mai koya musu tekwando. Ya jingina wayar uwarsa da bango a tsakar gida, wani saurayi a cikin wayar yana ɗaga ƙafa yana saukewa, shi kuma yana bi. Idan ya ɓata sai ya sa yatsa ya mayar da hoton baya, saurayin ya sake yi, ba gajiya, ba tsawa. Ina kan tabarma ina kallo sai na ji 'yan yatsun ƙafata suna motsi da kansu. Na miƙe na ce ya matsa in nuna masa irin wanda muka koya. Farkon ya zo mini lafiya lau, na taka gaba, na tare, na juya, sai a tsakiya abin ya tsaya mini cak. Na san akwai juyi a wurin, jikina ma ya sani, amma ko ta wane ɓangare ne, ya ɓace. Yaron ya ce, "Kaka, faɗa mini sunansa in nemo maka a waya." Ya kuwa nemo. Na kalla, takun shi ne, hannun shi ne, amma ba shi ba ne. Sauri suke yi kamar masu gudun ruwan sama, babu inda ake tsayawa a ja numfashi. Mutum biyu ne a duniya da zan iya tambaya su gyara mini. Ɗaya da hannuna na sa shi a kabari, ɗayan kuwa ko inda kabarinsa yake ban sani ba.

Lokacin da na je Alƙahira karatu ina saurayi, abubuwa ba su da wannan gaggawar. Muna zaune a Madinat Nasr, a wata shaƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, mai ɗaki biyu a can hawan ƙarshe, mu ɗalibai 'yan Arewa, katifu a ƙasa, littattafai jibge a jikin bango. Ba agogo ke tashinmu ba. Kiran asuba ne ke fara ɓarkewa daga masallatai ta ko'ina, wannan ladan na gaba wancan na biye. Gari na wayewa mai gas ya shigo layi yana ƙwanƙwasa tukunyarsa da sifana, mai sayen tsofaffin kaya ya biyo da amalanken jaki yana jan kiransa, can bakin titi kuma yaran mikrobas, ƙananan motocin haya, na ƙwala sunayen unguwanni kamar ana rigima. Wanda aiki ya faɗo kansa ranar shi zai sauka da kwano ya sayo ful, dafaffen wakensu mai zafi, da burodi, ya hawo matakalar nan yana haki, ya wanke tukwane, ya shanya wanki a baranda. Idan wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa, ranar sai mu tuƙa tuwon shinkafa mu ci kamar ana suna. Labarin gida kuwa a kaset yake zuwa, a hannun matafiyi. Mu kewaye rikoda mu saurari muryar uwar wani tana jero gaisuwa, akuya na kuka a bayanta, kowa ya yi tsit kamar tasa uwar ce. Yanzu yaro na kwance a ɗaki yana kallon fuskar wanda ke wata ƙasa, ya gaji ya kashe. Mu kuwa kaset ɗaya sai mu yi ta juya shi har zarensa ya tsinke, mu liƙe mu ci gaba.

A wannan shaƙƙar na san Habibu, ɗan Gumel. Katifarsa na kusa da tawa. Dogo ne siriri, idanunsa da ɗan rawaya-rawaya, bakinsa kuma ba ya rabo da abin dariya. Ko malamin nahawu da ya fi kowa ɗaure fuska, sai Habibu ya kwaikwayi muryarsa mu yi ta birgima a ƙasa. Sikila gare shi. Da zafi ba ka cika ganewa ba, amma da sanyin Alƙahira ya shigo, irin sanyin nan mai laima da ke ratsa siminti ya shiga ƙashi, sai ciwon ya tashi. Na sha ganin Habibu ya dunƙule a kan katifa yana cizon bargo don kada ya hana mu karatu. Mukan dafa ruwa mu zuba a kwalabe, mu naɗe da tawul mu jera masa a gaɓoɓi, idan abin ya ƙi ci mu ɗauke shi zuwa asibiti a yi masa ƙarin ruwa. Da ya farfaɗo zai buɗe ido ya ce mini, "To, ya shaikh, baƙona ya tafi. Me kuka ci ba ni?"

Wata Juma'a gabanin babbar salla muka kai ɗinki wajen wani tela Bahaushen Sudan da ke unguwar Hada'iƙ al-Ma'adi. Muka tarar da mutane a gabanmu, ya ce mu hau saman bene mu sha iska kafin ya sallame su. A saman akwai igiyoyin shanya da wani ɗan ɗaki na katako, a benen maƙwabta kuma wani na kiwon tattabaru. A tsakiyar filin wani tsoho ne tsaye ba takalmi, gajere, fari, kansa fari fat da furfura, irin mutanen da a lokacin duk muke kira 'yan Sin. Ya ɗaga hannu ya tare wani abu da ba mu gani ba, ya taka gaba ya kai naushi, ya juya baya a kan dunduniya ya sake tarewa. Ba kiɗa, ba abokin karawa. Ba ka jin komai sai gogar tafin ƙafarsa a kan siminti da fitar numfashinsa. Can sai ya saki wata ƙara daga can cikin cikinsa, tattabarun maƙwabta suka tashi fir.

"Wannan da aljanu yake dambe," in ji Habibu a kunnena. Amma bai yi dariya ba, kuma bai ɗauke ido ba.

Da tsohon ya gama ya share fuska, ya dube mu, ya shiga ɗakin katakon ya fito da faranti ya miƙo. Habibu ya leƙa, ya riƙe baki. "Awara! Wallahi awara ce!" Ashe sana'ar tsohon ke nan. Mutumin Koriya ne, wani kamfanin gine-gine ya kawo shi ƙasashen Larabawa tun da daɗewa, kamfanin ya tattara ya tafi, shi ya zauna. Yana yin awarar waken suya yana kai wa iyalan 'yan ƙasarsu da ke Ma'adi, da yamma kuma wasu samarin unguwa su hawo ya koya musu faɗan ƙasarsu. Suna kiransa Sabum, wato malami da yaren Koriya. Habibu ya ce ai wannan sunan namu ne, daga ranar ya zama Malam Sabo, tsohon kuma ya amsa.

Larabcinsa na kasuwa ne, gutsi-gutsi, namu kuma na littafi, sai muka haɗu a tsakiya. Ni na fara cewa ina so in koya, don na ɗan taɓa dambe a ƙauye ina yaro. Habibu kuwa ya ce, "Ni jinina ba shi da kyau, Malam. Ban taɓa yin komai da jikin nan ba sai jinya."

Tsohon ya kama hannunsa ya duba farata, ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba. Ya ce, "Kai ba duka. Ba gudu. Ruwa da yawa. Ka gaji, ka zauna."

"To me ya rage, Malam?"

"Hiyong," in ji tsohon, ya nuna wurin da ya tsaya ɗazu.

Hiyong shi ne abin da muka tarar yana yi. Jerin taku ne da kariya da naushi da shuri, waɗanda na gaba suka tsara, mutum ya yi shi kaɗai yana ɗauka abokan gaba sun kewaye shi ta ko'ina. Kowane yana da suna, yana da inda ake farawa da inda ake ƙarewa, ba ƙari ba ragi. A ranar da muka fara zuwa da niyyar koyo sai muka ci karo da matsala. Kafin a fara, duk yaran suka sunkuya wa tsohon. Mu ɗaliban shari'a ne, sai muka tsaya ƙiƙam. Ya tambaya ko lafiya. Habibu ya ce, "Ma'alish, Malam, mu irin wannan sunkuyon ba mu yi wa kowa sai Allah." Na ɗauka shi ke nan an kore mu. Amma sai tsohon ya ce mu nuna masa yadda za mu gaishe shi ba tare da laifi ba. Habibu ya ɗora hannun dama a ƙirji ya ce, "Barka da yamma." Tsohon ya ɗora nasa hannun, ya gwada faɗin kalmomin, suka karkace a bakinsa, ya ce, "Tamam." Har muka rabu haka muke gaisawa. Da ya fara ƙirga mana taku da yarensu kuwa, "Hana, dul, set, net," sai Habibu ya raɗa mini, "Ka ji ko? Shi ma da hana ya fara, kamar likita."

Koyarwar Malam Sabo ba ta mai gaggawa ba ce. Tsayuwa ɗaya sai ka yi makonni a kanta. Yana da wata 'yar sanda siririya, ba ta duka ba, da ita yake taɓa gwiwarka ko kafaɗarka, ya wuce bai ce komai ba, kai ka san gyaran. Maganganunsa kaɗan ne kuma su yake maimaitawa. Yakan ce ido ne ke fara juyawa kafin ƙafa. Yakan ce mu lura, na farkon da ya koya mana dukansu da kariya suke farawa, ba da naushi ba, kuma sunansu Fiyong-an, ma'anarsa zaman lafiya. Idan ka ɓata a tsakiya ba ya barin ka koma farko, sai ya ce, "Wanda ke gabanka ba zai jira ka ba. Ci gaba." Rana na faɗuwa ta bayan kogi, masu tattabaru na fito suna kaɗa tsumma a kan gora don su dawo da su gida, ƙamshin dafaffen waken suya na tashi daga ɗakin katako, mu kuma muna ta takawa muna juyawa har a kira magariba. Sai ya shimfiɗa mana kwali mai tsabta a gefe mu yi salla, shi kuma ya ɗora shayi.

Wata rana muna shan shayin nan wani yaro Bamisire ya zo da mujalla, ya karanto cewa wannan faɗan ya yi shekaru dubbai, tun zamanin sarakunan Koriya na farko. Malam Sabo ya yi dariya har sai da ya sarƙe. Ya ce faɗa da ƙafa tsohon abu ne a ƙasarsu, kakansa ya ba shi labarin wasan shuri da samari ke yi a dandali ranar biki, amma waɗannan hiyong da yake koya mana ba a can aka haife su ba. Sa'ad da yake yaro Japanawa ke mulkin ƙasarsu. A makaranta an hana su yarensu, har sunansa aka canza masa, ya ce akwai ranar da ya sha bulala don ya kira abokinsa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Malamin da ya koya masa faɗa a Japan ya yi karatu, can ya ɗauko waɗannan taku. Japanawan kuma daga wani tsibiri suka samo su, mutanen tsibirin ma sun ɗebi wasu daga ƙasar Sin. Da mulkin Japan ya faɗi sai malamai suka buɗe makarantu, suka riƙe takun yadda yake, suka kira sunayen da lafazin Koriya. Daga baya manya suka zauna suka ga bai dace a ci gaba da tinƙaho da abin maƙiyi ba, suka tsara sababbi. Su ne ake yi a kulob da wuraren gasa, waɗanda Misirawa ke kira bumza, mu kuma harshenmu ya mayar fumse.

Habibu ya ce, "To Malam, kai me ya hana ka bar tsofaffin, tunda na waɗanda suka zalunce ku ne?"

Tsohon ya daɗe yana juya kofin shayi a tafin hannunsa. Ya ce, "Tare da ƙanena muka koya. Shi a dama, ni a hagu. Yaƙi ya zo, sojoji suka tafi da shi arewa, ƙasa ta rabu biyu. In yana raye, waɗannan ya sani. Bai san sababbi ba." Can ya miƙe ya ce, "Yalla, shayi ya huce."

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ni karawa na fi so, in sa rigar kariya in yi ta musayar shuri da yaran Masar har gumi ya jiƙa ni. Habibu kuwa hiyong ya shige masa jiki. Yana shanya a baranda za ka ga ya tare iska da hannu, yana jiran ruwa ya tafasa za ka ga ya juya a kan dunduniya. 'Yan shaƙƙarmu suka sa masa suna Mai Faɗa da Iska, shi kuma ya ce gara iska, ba ta kai ƙara wajen hukuma. Ba zan ce ciwon ya tafi ba, baƙonsa bai daina zuwa ba. Amma tafiyarsa ta canza. Mutumin da a da yake takawa kamar yana ɗauke da ƙwai a aljihu, sai ga shi yana taka ƙasa da ƙarfinsa. Idan ya tsaya a tsakiyar benen nan, dogayen hannuwansa suka fara yanka iska, hatta yaran da suka fi kowa surutu sai su yi shiru. Na sha kama Malam Sabo ya manta da sandarsa a hannu, yana kallonsa kawai.

Da lokacin baƙar ɗamara ya yi, Malam Sabo ba shi da ikon ba da shaida, sai ya kai mu wani kulob a cikin gari, mai madubai da shimfiɗar roba da na'urar sanyi. Habibu ya riga ya haddace sababbin fumse ɗin don wannan ranar, ya yi su tsaf, har mai jarrabawar ya gyaɗa kai. Da aka zo karawa sai maganar ciwonsa ta fito. Mutumin bai yi mana wulaƙanci ba, ya ce ƙa'ida ce, babu baƙar ɗamara sai da karawa, shi kuma ba zai sa a shuri mai irin wannan ciwo ba.

Habibu ya juya ga tsohon. "Malam, sau ɗaya kawai. A doke ni sau ɗaya, ba zan mutu ba."

"A'a," in ji Malam Sabo.

"Don Allah, Malam."

"A'a. Khalas."

Ni aka ɗaura wa ɗamarar a ranar, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ya yi mini nauyi kamarta ba. A cikin metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, Habibu ya juya fuskarsa ga taga, alhali ba abin gani sai baƙin bango na wucewa. Ya yi kwanaki bai je Ma'adi ba. Ranar da ya koma, tsohon bai yi maganar ba sam. Ya sallami yara da wuri, ya ce da Habibu, "Shaida tasu ce. Ni zan ba ka Basai." Ya ce tsohon hiyong ne mai wuya, ma'anar sunan fasa ganuwa a shiga, kuma tun da ya zo ƙasar Masar bai koya wa kowa shi ba. Na ga idon Habibu ya kawo ruwa, amma sai ya ce, "Malam, da awara za a haɗa ko shi kaɗai?"

Sun kai wajen rabinsa ƙugun Habibu ya gaza. Wata yamma ya sauka ƙasa a wata tsayuwa, ya kasa tashi. Likitoci suka ce kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa don jini ba ya isa wurin, kuma ciwon nasa ne ya jawo. Daga sanda ɗaya ya koma sanduna biyu. Matakalar shaƙƙarmu da yake hawa yana tsokanar mutane, sai goyo muke yi masa bi da bi. A lokacin ya shiga karatun digiri na biyu, mun yi mun yi ya koma gida, ya ce ba zai je wa tsohuwarsa da sanduna ba tare da takarda ba. Gari ma a lokacin ya soma canzawa. Wayar hannu ta shigo, kaset ya daina zuwa, farantan tauraron ɗan'adam suka cika saman benaye har wurin takawa ya ƙuntata, yaran Malam Sabo suka watse zuwa kulob masu madubi.

Sai tsohon ya koma shi ke zuwa. Mutumin da ya haura saba'in, ya hau metro, ya sauka ya cusa kansa a mikrobas, ya hawo matakalar nan yana hutawa a kowane hawa, kwanon awara a hannu. Mu jingine katifu da bango mu buɗe masa wuri. Ya yi takun a ɗan tsukukun nan tsakanin littattafai, Habibu na zaune da matashi a baya yana bi da hannuwa. Da abin ya kai ga juyi sai Habibu ya ce mini, "Tashi, ya shaikh, kai ne ƙafafuna." Haka na koyi Basai, ba don an yi niyyar koya mini ba. Ina takawa yana gyara ni daga zaune. "Ka cika sauri. Tsaya nan. Numfasa. To, yanzu juya." Idan na yi daidai sai ya rufe ido ya yi murmushi, kamar shi ya taka.

Wani sanyi ya zo da ruwan sama, ciwon ya sauka a ƙirjinsa. Muka kai shi asibiti, aka yi ƙarin jini, aka sa masa abin numfashi a hanci da baki, aka yi duk abin da za a yi. Ranar ƙarshe bayan azahar Malam Sabo ya zo ya zauna a gefen gado. Habibu ba ya iya magana sosai. Sai na ga hannunsa na dama yana motsi a kan bargo, ya buɗe, ya dunƙule, ya karkata. Tsohon ya gane kafin ni. Ya matso da bakinsa ya fara ƙirga masa a hankali da yarensu, hannun na bi, har suka kai ƙarshe. Bayan la'asar numfashin ya soma yin nisa. Na kama ɗayan hannun ina maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi. Kafin rana ta faɗi Allah ya karɓi abinsa.

A Alƙahira muka binne shi. Lokacin da ake yi masa salla Malam Sabo na tsaye a wajen masallaci, ya sa baƙar kwat da ban taɓa ganinsa da ita ba. Da aka fito da makara ya dube ni, sai na matsa na ba shi wurina. Gajere ne, kafaɗarsa ba ta kai katakon ba, makarar ta soma karkata. Ba wanda ya ba da umarni, sai na ga samarin nan dogaye, 'yan Kano da 'yan Zazzau da 'yan Damagaram, duk sun ɗan lanƙwasa gwiwa suna tafiya a haka, don tsohon ya samu ya ɗauka. Kabarin mutanen can ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka da matakala. Ni na shiga na kwantar da shi, na juya fuskarsa alƙibla, na fito.

Bayan kwana biyu na je Ma'adi. Na tarar tsohon ya fitar da tukwanen awara da dutsen niƙa yana raba wa maƙwabta. Na ce, "Malam, ina za ka?" Ya ce gida. Na ce ai ya sha gaya mana ba shi da kowa a can. Ya ce, "Na farko, ƙanena, ban ga inda aka sa shi ba. Wannan na gani. Ya isa." Ya ɗora hannu a ƙirji, na ɗora nawa. Bai bar adireshi ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Da na gama karatu na dawo, sai na ɗauki littattafan Habibu da tufafinsa na kai Gumel. Na samu mahaifiyarsa a gindin dalbejiya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar tsohuwa ƙarama, idanunta irin nasa. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka kawo mini fura. Ta shafa littattafan, ba ta buɗe ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, can ma kwanciya ya yi ta yi?"

Kafin in amsa ta ci gaba. Ta ce ƙannensa biyu ta binne da wannan ciwon, shi ya sa ta tsare shi. Idan hadari ya haɗo, ɗaki take kulle shi, yana jin 'yan'uwansa na wasa a ruwa. Bai taɓa yin langa ba, bai taɓa hawa bishiya ba, ko guga ba ta bari ya ja ba. Ta ce wani lokaci takan kwana tana tunanin ko ta cuce shi, ya zo duniya ya koma bai san daɗin ƙafarsa ba.

Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Sai na cire hula na ajiye, na tuɓe takalmi, na naɗe babbar rigata a kafaɗa, na shiga tsakiyar gidan. Na ce, "Inna, ga abin da yake yi." Na yi mata wanda ya fi so cikin na farko, daga kariyar farko har ƙarshe. Kaji suka watse, matan gida suka leƙo ta labule, da na saki ƙarar wani jariri ya fashe da kuka. Na tsaya ina haki. Gyaɗar na nan a hannunta ba ta ɓare ba.

"Haka yake ɗaga ƙafar?"

"Ya fi ni, Inna. Tasa har ta wuce kafaɗarsa."

"Kuma bai faɗi ba?"

"Shekara da shekaru yana yi, Inna. Mutane shiru suke yi su kalle shi."

"Ihun fa? Shi ma yana yi?"

"Nasa har ƙasan bene ake ji."

Ta sunkuyar da kai. Shi ne ɗan farinta, tun ranar da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, sai dai ta ce yaron nan, ko ta ce wancan. Sai na ga kafaɗunta na rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka, ashe duka biyun ne.

"Habibu," ta ce a hankali, a gaban kowa. "Habibu nawa."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ture faifan gyaɗar gefe, ta gyara zama.

"Sake yi, ɗan nan," ta ce. "Ɗazu ban gani sosai ba."